Ɗaliban Ilmin Zarra da Hakkinsu a Kanmu

Daga cikin fannonin kimiyya da ake neman digirin digirgir a kansu a wannan zamani, babu wanda mutanenmu suka fi ɗauka ya yi musu nisa kamar nazarin ƙwayoyin asali, watau ƙananan halittun nan da ita kanta zarra ta ƙunsa a cikinta. Alhali kuwa, in an yi wa al'amarin duban tsanaki, da wuya a sami fannin da ya fi shi dacewa da ɗalibin da Allah ya ba kaifin basira bai ba shi dukiya ba. Dalili kuwa shi ne, masana wannan fanni kashi biyu ne: akwai masu gwaji, waɗanda aikinsu ba ya yiwuwa sai da injuna na biliyoyin kuɗi, akwai kuma masu nazari, waɗanda guzurinsu bai wuce takarda da alƙalami, da kwamfuta matsakaiciya, da lissafi mai ƙwari, da malamin da ya riga su sanin hanya ba. Takarda da kwamfuta samunsu ba wuya. Lissafin da malamin su ne suka yi mana ƙaranci, kuma ina da yaƙinin cewa wannan ƙaranci abu ne da za mu iya magancewa da hannunmu in mun ƙudura niyya.

Ita mas'alar ba baƙuwa ba ce a zaurukan karatunmu. Wanda ya yi nisa a ilmin tauhidi ya san malaman kalami sun daɗe suna kai da komo a kan ko jiki yana karɓar rabuwa ba iyaka, ko kuwa akwai wani yanki da rabuwa ke tuƙewa gare shi, wanda suka kira jauharul fardi. Alƙali Baƙillani, wanda ya rasu a Bagadaza a 1013, yana cikin waɗanda suka tabbatar da shi, Ibn Sina kuwa ya kore shi da hujjojinsa na falsafa. Kada mai karatu ya ɗauka abin da suka nufa shi ne abin da masanan yanzu suka gano, domin su da hujjar hankali kaɗai suka yi aiki, kuma maƙasudin malaman kalami shi ne tabbatar da cewa duniya fararriya ce. Abin lura kawai shi ne, magabata ba su ga tambayar a matsayin ɓata lokaci ba, sun ba ta mafi kyawun hankalinsu. Saboda haka duk wanda ya ce wa yaro mai son wannan fanni ya rabu da abin da ba na gidansu ba ne, bai yi wa tarihin gidan adalci ba.

Abin da zamani ya ƙara a kan nasu shi ne awo. A 1897 Thomson ya gano ilektiron a Kambirij, a 1911 Rutherford ya nuna cewa nauyin zarra kusan dukansa a wata 'yar cibiya ya taru, daga baya aka san cibiyar furoton da niyutiron ce, sa'an nan a 1964 Gell-Mann da Zweig, kowa da nasa aikin dabam, suka ce su ma waɗannan biyu haɗaɗɗu ne daga wasu ƙwayoyi da ake kira kwak. Kafin ƙarshen shekarun 1970 an tattara duk wannan cikin ƙa'ida guda wadda masana ke kira Daidaitaccen Tsari: kwak iri shida, da dangin ilektiron iri shida, da ƙwayoyin da ke kai saƙon ƙarfi tsakaninsu, da wata ƙwaya ɗaya tilo wadda fagenta ke ba mafi yawansu nauyi. Wannan ta ƙarshen Peter Higgs ne ya yi bushara da ita a 1964 cikin wata gajeriyar maƙala, a shekarar da Englert da Brout su ma suka kai ga ƙa'idar. Ba a tabbatar da samuwarta ba sai ranar 4 ga Yuli, 2012, da cibiyar CERN da ke kusa da Janiba ta ba da sanarwa, bayan an kafa wani inji a cikin ramin da'ira mai tsawon kilomita 27, ƙarƙashin iyakar Faransa da Siwizalan, ana ta gwara furoton da furoton. Shekara 48 ke nan alƙalami yana gaba, inji yana biye.

Ya kamata mai karatu ya ga irin aikin kusa da kusa, don kada ya zaci zama ne kawai ana zurfafa tunani. Ilektiron yana da ɗan maganaɗisu a tare da shi, kuma lissafin da Dirac ya fitar a 1928 ya ce ƙarfin wannan maganaɗisu, a bisa ma'aunin da aka yi ittifaƙi a kansa, biyu ne cif. A 1947 aka auna a Jami'ar Kolombiya ta Amurka, aka tarar ya ɗara biyu da ɗan kaɗan, kimanin kashi ɗaya cikin dubu. Wani sai ya ce kuskuren ma'auni ne, a wuce. Schwinger bai wuce ba, ya zauna ya lissafa, rarar ta fito daidai yadda aka auna ta. Daga nan aka shiga tace lissafin mataki-mataki ta hanyar wasu zane-zane da Feynman ya ƙirƙiro, waɗanda kowannensu, ko da yake a ido 'yan layuka ne da suka haɗu suka rabu, yana tsaye ne a madadin wani dogon lissafi da kan ci makonni ko watanni. Matakin farko zane ɗaya ne, na biyu 7, na uku 72, na huɗu 891, na biyar kuwa 12,672, wanda Kinoshita da abokan aikinsa suka kai ƙarshensa da taimakon kwamfuta a 2012. Kuma da aka gwama abin da alƙalami ya fitar da abin da ma'auni ya nuna, sai suka dace har fiye da lambobi goma a jere, dacewar da ba a san irinta da yawa a tarihin kimiyya ba. To, ɗalibin digirin digirgir ɗan yanki ne na irin wannan aiki ake danƙa masa: malaminsa ya yanko masa mas'ala guda wadda ba a taɓa warwarewa ba, ya shafe watanni yana cika takardu, amsa ta fito ta ƙi yin ma'ana, ya bi sawu shafi-shafi har ya tarar alamar ɗebewa ɗaya ce ta kuɓuce masa tun a farko, ya gyara, ya sake. Hazaƙa tana da amfani a nan, amma haƙuri ya fi ta kai mutum gaci.

Ko akwai sauran abin nema bayan an ga ƙwayar Higgs? Akwai, da yawa kuwa. Daidaitaccen Tsari a yadda aka fara rubuta shi ya ɗauka ƙwayar niyutirino ba ta da nauyi, sai gwajin Super-Kamiokande na Jafan ya nuna a 1998 cewa tana rikiɗa daga wani iri zuwa wani tana cikin tafiya, abin da ba ya yiwuwa sai in tana da nauyi. Har yau ba a tantance adadin nauyin ba, balle asalinsa, kuma ana gina wani gwaji a Amurka wanda zai riƙa harba ta nisan kilomita 1,300 ta cikin ƙasa. Masana taurari kuma sun ƙiyasta cewa duk abin da Tsarin ya iya bayyanawa bai wuce kimanin kashi 5 cikin 100 na abin da sararin halitta ya ƙunsa ba, saura ɓoyayye ne, ana ganin tasirinsa ba a san zatinsa ba. Shi ma ƙarfin janyowa, wanda ke riƙe da mu a doron ƙasa, har yanzu ya ƙi shiga ƙa'idar. Sai dai amana ta wajabta a faɗa wa ɗalibi ɗaya gefen: tun 2012 injin CERN bai fito da wata sabuwar ƙwaya ta asali ba, kuma wasu nazariyyoyi da aka shafe shekaru masu yawa ana sa musu rai ba su sami shaida ba. Fannin yana cikin zamanin jira da tace lissafi, kuma mai shiga ya cancanci ya san haka kafin ya ba da ƙuruciyarsa.

Wanda ya fi kowa fahimtar halin ɗalibi irin namu shi ne Abdus Salam, mutumin garin Jhang a ƙasar Fakistan ta yau, wanda aka haifa a 1926, ya yi karatu a Kambirij, ya koma Lahor a 1951 da niyyar ya koyar kuma ya ci gaba da bincike. Abin da ya tarar shi ne babu mujallun fanninsa, babu abokin muzakara ko ɗaya, har ma, kamar yadda shi kansa ya riƙa ba da labari daga baya, aka ɗora masa kula da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta kwalejin. A 1954 ya koma Ingila yana jin an tilasta masa zaɓi tsakanin ƙasarsa da ilminsa, kuma zafin wannan bai sake shi ba sai da ya kafa cibiyar nazarin fiziks ta duniya, wadda aka fi sani da ICTP, a birnin Tiriyeste na Italiya a 1964, domin kada wani ya sake tsayawa a gaban irin wannan zaɓi. A 1979 ya sami kyautar Nobel tare da Glashow da Weinberg, saboda sun haɗa ƙarfin lantarki da maganaɗisu da wani ƙarfi da ake kira mai rauni cikin ƙa'ida ɗaya; amma ni a wurina cibiyar ta fi kyautar girma, domin Salam ya gane cewa kaɗaici ke kashe mai nazari tun kafin talauci ya kai gare shi. Saboda haka ya fito da tsarin abokan cibiya: malami ya zauna a jami'ar ƙasarsa yana koyarwa, lokaci-lokaci a biya masa jirgi da masauki ya je ya yi makonni ko watanni cikin takwarorinsa, ya ji abin da ake ciki, ya dawo gida.

Tun 1991 wannan cibiya take gudanar da difloma ta shekara ɗaya domin ɗaliban ƙasashe masu tasowa, da harshen Turanci, ba kuɗin makaranta, ga kuɗin jirgi, ga alawus na wata-wata, kuma fannin ƙwayoyin asali yana cikin sassanta. Manufarta ita ce a cike wa ɗalibi giɓin da ke tsakanin abin da ya karanto a gida da abin da digirin digirgir ke bukata, har ya iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da ɗan Jamus ko ɗan Indiya wajen neman gurbi. Guraben kaɗan ne, takarar kuwa ta duniya ce. A nahiyarmu akwai cibiyar lissafi ta AIMS, wadda Neil Turok ya kafa kusa da Kef Tawun a 2003, ta yi rassa a Senegal da Gana da Kamaru da Ruwanda, tana ba da digiri na biyu kyauta ga waɗanda ta zaɓa. Akwai makarantar fiziks ta Afirka da ake yi duk bayan shekara biyu tun 2010, wadda ta sauka Kumasi a 2012 da Dakar a 2014, kuma Ketevi Assamagan, ɗan ƙasar Togo, yana cikin waɗanda suka assasa ta. A Abuja ma akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka, mai sashen fiziks na nazari, da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa.

Shi digirin kansa kowace ƙasa da al'adarta. A Amurka yakan ci shekara biyar zuwa shida, farkonsu darussa ne, ɗalibi yana koyar da na ƙasa da shi ana ba shi abin zama. A Ingila shekara uku zuwa huɗu ne, tallafin baƙi kuwa da wuyar samu. A Jamus galibi ma'aikaci ake ɗaukarsa da albashi. Ƙa'idar da za a riƙe ita ce, a wannan fanni ɗalibi ake biya, saboda haka wanda aka ce ya sayar da gonar gado ya biya kuɗin makaranta, ya dakata ya sake bincike. CERN kuma, duk da girman sunanta, ba ta ba da digiri; sai mutum ya yi rajista a wata jami'a.

Abin da na fi son ɗalibi ya riƙe shi ne, malami ake zaɓa kafin gari. Mu ba sai an koya mana wannan ba, domin a karatun zaure ba a tambayar mutum a wace unguwa ya yi karatu, ana tambayarsa ne a gaban wa ya durƙusa, wa ya ba shi ijaza, shi kuma daga wa ya karɓa. Digirin digirgir a nazari shi ne abin da ya fi kama da wannan a duk tsarin boko, shekaru ne na lizimtar mutum ɗaya, ana ɗaukar yadda yake zaɓen mas'ala da yadda yake gane ta mutu a bar ta. Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsinen da ya shahara da hisabi, ya rubuta a kan hatimai na lissafi, ya rasu a Alƙahira a 1741, irin wannan rihla ya yi. Na yau ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba, domin tun 1991, da Paul Ginsparg ya buɗe rumbun arXiv saboda masu nazarin wannan fanni, kusan duk maƙalar da aka rubuta a cikinsa tana fitowa a intanet kyauta tun kafin mujalla ta buga ta. Ɗalibi yana Gusau ko Maraɗi zai iya duba abin da malamin da yake hari ya rubuta bara da bana, ya ga ko yana rubutu tare da ɗalibansa, ya bi ya ga inda waɗanda suka gama a hannunsa suka ƙare.

To, in ƙofofi suna nan haka, me ya hana namu shiga? A ganina abu na farko shi ne darussan da ke tsakani. Ba a shiga wannan fanni sai da ilmin kwantam mai zurfi, da ƙa'idar dangantaka ta Einstein, da lissafin rukunai, da uwa-uba nazarin fagagen kwantam, wanda shi ne harshen da ake rubuta komai da shi. Kuma da wuya ka sami jami'a a yankinmu inda ake karantar da wannan na ƙarshen daga bango zuwa bango, tare da warware mas'aloli mako-mako, domin mai karantarwar babu, ko yana nan an binne shi da ajin ɗalibai ɗari biyar na shekarar farko. Yaro sai ya fito da sakamako mai daraja ta ɗaya, a kira shi ganawa ta bidiyo, a ce ya ɗauki alƙalami ya fitar da matakan ƙarfin zarrar haidurojin, ya tarar ya haddace amsar amma ba a taɓa sa shi ya fito da ita da hannunsa ba. Na biyu shi ne wasiƙar shaida. Malamanmu sun saba rubuta cewa ɗalibi mai ladabi ne, mai biyayya, ba a taɓa samunsa da laifi ba. Jami'o'in waje kuwa abin da suke nema shi ne a ce musu wace mas'ala aka ba shi, ta yaya ya ɓullo mata, kuma ina matsayinsa cikin waɗanda malamin ya karantar a shekara goma. Wasiƙa irin ta farko, duk da kyakkyawar niyyar mai ita, takan kashe takardar yaro. Na uku lokaci ne: yajin aiki ya ci shekara, hidimar ƙasa ta ci wata, takardar sakamako ta kwana watanni a ofis, alhali wasu guraben suna da iyakar shekaru.

Na san za a ce, al'ummar da ke neman likita da ruwan sha me za ta yi da nauyin niyutirino? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba na cewa a mai da ɗalibai dubu wannan fanni. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa likitanci da hisabi cikin farillan kifaya, waɗanda in wasu sun tsaya da su an ɗauke wa saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Ni kuma ina ganin al'umma mai mutane miliyoyi da yawa, wadda babu a cikinta ko 'yan ƙalilan da za su iya karanta ƙa'idojin halitta a harshensu na asali, ta bar wani gurbi da bai kamata ta bari ba. Amfanin zahiri ma yakan zo, sai dai ba ya faɗin ranar zuwansa. Ƙwayar fositiron da lissafin Dirac ya hango, Anderson ya gan ta a 1932, ita ce yau ake amfani da ita a na'urar hoton asibiti ta PET wajen bin sawun ciwon daji; shafukan yanar gizo kuma a CERN Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro tsarinsu a 1989, domin masana su riƙa musayar bayanai. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, fiziks mai zurfi ya karanta a Faransa kafin ya dawo ya shugabanci aikin makamashin rana na Nijar. Ba a ɓoye wa ɗalibi kuma cewa kujerun dindindin a wannan fanni kaɗan ne ko a Turai, kuma da yawan masu digirin sukan ƙare a aikin kwamfuta, ko banki, ko sarrafa bayanai. Wannan ba asara ba ce gare mu, domin mutumin da ya shekara huɗu yana kokawa da mas'alar da ba ta da amsa a bayan littafi, duk inda aka ajiye shi zai yi amfani, kuma in aji ya koma, injiniyoyi da likitocin da za su bi ta hannunsa su ne za su ci ribar.

Hakkin da ke kanmu, ke nan, bai fi ƙarfinmu ba. Jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, in kowace ita kaɗai ba ta da malamin fagagen kwantam, ai in sun haɗa kai za su iya tara zaɓaɓɓun ɗalibansu wuri ɗaya a lokacin dogon hutu, su gayyato 'ya'yanmu da ke waje da abokan cibiyar Tiriyeste su karantar na makonni shida, da allo da alli da jarrabawa ta gaske, a maimaita kowace shekara. Asusun TETFund da gwamnatocin jihohi da attajiran da ke gina azuzuwa suna iya ɗaukar wannan ba tare da sun ji a jikinsu ba. Wanda ya gama ya dawo kuma, a rage masa nauyin aji da na kwamitoci, a bar masa kwana biyu a mako na nazari, a ba shi tikitin jirgi sau ɗaya a shekara, a yi ƙoƙari a ɗauke su biyu-biyu ko uku-uku a sashe ɗaya, don kowa ya sami wanda zai nuna wa lissafinsa.

Akwai kuma abin da shugaban sashe zai iya farawa bana ba tare da jiran kowa ba. Jami'o'in Amurka galibi a Disamba ko Janairu suke rufe karɓar takardu, Tiriyeste da AIMS kuma a watannin farko na shekara. Saboda haka tun watan Oktoba ya kamata ya ware ɗalibai biyu ko uku na ajin ƙarshe waɗanda ya ga lissafi ya zauna musu, maza da mata, ya ba kowa mas'ala ta gaske da zai yi aiki a kanta, ya zaunar da su gaban allo sau ɗaya a mako suna fitar da amsa da hannunsu, ya bi musu takardar sakamako da ƙafarsa har ta fito, sa'an nan ya rubuta wasiƙar da ta faɗi abin da ya gani da idonsa.